Riba ko rai: Darasin Konfushiyas ga masu cinikin zinare a Anka da Bukkuyum

A watan Disamban 2024 ministan ma'adinai, Dele Alake, ya sanar da ɗage haramcin haƙar ma'adinai a jihar Zamfara, bayan fiye da shekara biyar da ƙaƙaba shi. Wata goma bayan nan, a Oktoban 2025, farashin zinare a kasuwar duniya ya haura dala 4,000 kan kowace oza a karon farko a tarihi.

Duk wanda ya san yammacin Zamfara ya san abin da waɗannan labarai biyu ke nufi idan suka haɗu. Ramuka za su ƙaru a dazukan Anka da Bukkuyum, matasa daga Gummi da sauran garuruwa za su ƙara kwarara can, masu jari kuma na gida da na waje za su ƙara shigowa.

Mutanen Tungar Daji sun taɓa ganin irin wannan tashin farashi. A farkon shekarun 2000 oza ɗaya ba ta kai dala 300 ba, amma zuwa 2010 ta wuce dala 1,200. A shekarar ce ƙauyen ya shiga jerin garuruwan da gubar dalma ta yi wa ta'adi.

Tambayar da ke gaban kowa yanzu ita ce: wa zai ɗauki alhakin lafiyar mutanen da ke ƙasan wannan ciniki? Tambaya ce ta ɗa'ar kasuwanci, kuma ita ce ainihin abin da masu nazarin koyarwar Konfushiyas, malamin ƙasar Chaina, suka daɗe suna muhawara a kai. Ganin yadda 'yan Chaina suka zama manyan masu zuba jari a harkar ma'adinan Najeriya, ya dace a duba abin da malamin nasu ya koyar, da inda koyarwar ta yi amfani, da inda ta kasa.

Abin da ya faru a 2010

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Yaro zai fara amai, ya shiga jijjiga, ya suma, cikin kwanaki kaɗan ya cika. Maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi aiki ba, na sanƙarau ma haka. Kafin nan mazauna ƙauyukan sun lura agwagi sun ɓace daga gari.

Gwajin jini ne ya tona asirin. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinare suna ɗauke da dalma mai yawan gaske. Ana kawo su cikin gari a buhuna, a farfasa da guduma, a niƙa a inji, a wanke, a shanya. Ƙurar tana sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe, tana shiga abinci da ruwa.

Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta jagoranta a Dareta da 'Yargalma ya gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Kusan kashi biyu cikin uku na gidajen suna sarrafa dutsen ne a cikin gida. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce awo 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin Amurka na wurin zaman jama'a a lokacin 400 ne.

Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu. Waɗanda suka rayu da yawansu sun tashi da matsalar ƙwaƙwalwa, domin ɓarnar da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa.

An fara kankare gurɓatacciyar ƙasa a Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, sannan aka shiga Tungar Daji da Abare da Sunke da Duza da Tungar Guru daga ƙarshen shekarar zuwa farkon 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira 2013. Gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850, amma kuɗin ba su fito ba sai bayan matsin lamba daga ƙungiyoyi irin su Human Rights Watch da matasan Follow The Money ƙarƙashin Hamzat Lawal.

Kuɗin gyara da na magani sun fito ne daga aljihun gwamnati da masu bayar da agaji. Zinaren kuwa ya riga ya bi hanyarsa, daga hannun dillali zuwa hannun babban ɗan kasuwa, har zuwa kasuwannin waje irin na Dubai, da ribarsa cif.

Wane ne Konfushiyas?

An haife shi a shekara ta 551 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) a ƙasar Lu, wadda yanzu take cikin lardin Shandong, ya rasu a 479. Malami ne kuma ma'aikacin fada wanda ya yi ta yawo tsakanin masarautu yana neman sarkin da zai yi mulki da kyawawan halaye. Almajiransa ne suka tattara maganganunsa bayan rasuwarsa a wani littafi da ake kira Lunyu.

Bai kafa addini irin wanda muka sani ba, kuma bai rubuta komai kan tafiyar da kamfani ba. Amma akwai ginshiƙai uku a koyarwarsa da 'yan kasuwa suka ɗauka.

Na farko shi ne ren, wato tausayi da ganin girman ɗan Adam. An ruwaito cewa wata rana gobara ta cinye bargar dawakinsa. Da ya dawo daga fada, abin da ya tambaya shi ne ko wani mutum ya ji ciwo, bai ko tambayi dawakan ba, duk da cewa a zamanin doki babbar dukiya ce.

Na biyu shi ne yi, wato yin abin da ya dace. Bai haramta neman dukiya ba. Abin da ya nace a kai shi ne, duk lokacin da riba ta bayyana, mutumin kirki zai fara tambayar kansa ko hanyar samunta daidai ce kafin ya miƙa hannu.

Na uku shi ne shin, wato riƙon alƙawari da amana. A ganinsa ƙasa za ta iya jure rashin makamai, har ma da ƙarancin abinci, amma ba za ta tsaya ba idan jama'a suka daina yarda da shugabanninsu.

Akwai kuma wani abu da ake yawan mantawa. Mutane sun fi tuna cewa ya koyar da biyayya ga na gaba, ɗa ga uba, talaka ga sarki. Amma biyayyar tana da sharaɗi: nauyi mafi girma yana kan na sama. Wanda ake yi wa ladabi shi ne ke da alhakin kare mai yi masa ladabin.

Yadda 'yan kasuwa suka yi aiki da ita

A garin Pingyao na lardin Shanxi, wajen shekarar 1823, aka kafa Rishengchang, gidan hada-hadar kuɗi na farko irinsa a Chaina. Ɗan kasuwa zai ajiye azurfarsa a wani gari, ya karɓi takarda, ya je ya karɓi kuɗinsa a wani gari mai nisan wata guda. Duk cinikin a kan suna da amana ya tsaya.

'Yan kasuwar Shanxi suna da wani tsari mai ban sha'awa. Ma'aikacin da ya daɗe yana aiki da gaskiya ana ba shi kaso a cikin riba ko da bai zuba ko sisi ba, ƙarfinsa da amanarsa su ne jarinsa. Hakan ya sa yaron gida ke kallon asarar maigida a matsayin tasa.

A Japan kuwa, wanda ya fi shahara shi ne Shibusawa Eiichi, wanda ya kafa bankin zamani na farko a ƙasar a 1873, kuma yana da hannu a kafa kamfanoni kusan 500. A 1916 aka wallafa littafinsa da sunansa ya haɗa littafin Konfushiyas da allon lissafin 'yan kasuwa. Hujjarsa ita ce dukiyar da aka tara ta hanyar cutar da jama'a ba ta ɗorewa, don haka ɗa'a da lissafin riba dole su tafi tare. Tun Yulin 2024 hotonsa ne a kan takardar kuɗin Japan mafi girma, ta yen 10,000.

Inda koyarwar ta kasa

Sai dai tarihin Shibusawa kansa yana da wani babi da ya kamata mutanen Zamfara su sani.

A 1877 wani attajiri mai suna Furukawa Ichibei ya karɓi mahaƙar tagulla ta Ashio, kuma Shibusawa na cikin waɗanda suka tallafa masa da jari. Mahaƙar ta bunƙasa har ta zama ɗaya daga cikin mafiya girma a Japan. Gubarta kuma ta gangara kogin Watarase. Kifaye suka mutu, ambaliyar 1890 da ta 1896 suka shimfiɗa gubar a gonakin shinkafa, manoma suka rasa abin yi.

Wani ɗan majalisa, Tanaka Shozo, ya fara tayar da maganar a majalisa a 1891. A 1897 gwamnati ta tilasta wa kamfanin yin ayyukan tace guba. Da ya ga abin bai wadatar ba, Tanaka ya ajiye kujerarsa, a 1901 ya tari ayarin sarkin Japan a kan titi don miƙa koke. A ƙarshe, a 1907, ƙauyen Yanaka aka rushe don a yi tafkin tare ambaliya. Mahaƙar ta ci gaba da aiki har 1973.

Ke nan mutumin da duniya ke kafa misali da shi a ɗa'ar kasuwanci, kuɗinsa sun taimaka wajen tayar da wata mahaƙa da ta cutar da ƙauyawa. Ɗan gyaran da aka samu ya zo ne ta hanyar koken manoma da jajircewar ɗan majalisa da umarnin hukuma.

A Chaina ma haka. A 2008 madarar jarirai ta kamfanin Sanlu da wasu kamfanoni, wadda aka gauraya da sinadarin melamin, ta kashe jarirai shida, ta kwantar da kusan 300,000. A 2009 an samu ɗaruruwan yara da gubar dalma a jininsu kusa da wata masana'antar narka ƙarfe a gundumar Fengxiang ta lardin Shaanxi. Duk a ƙasar da aka shafe shekara dubu biyu ana karanta Konfushiyas.

Nan gida kuma, a watan Afrilun 2020, lokacin da haramcin haƙa ke aiki, 'yan sandan Zamfara sun kama 'yan Chaina biyu a ƙauyen Kwali na ƙaramar hukumar Bukkuyum bisa zargin haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba. Ofishin jakadancin Chaina a Abuja ya sha nanata cewa yana umartar 'yan ƙasarsa su bi dokokin Najeriya. Abin lura shi ne, zuwa daga ƙasar Konfushiyas ba shaida ba ce ta riƙo da koyarwarsa, kamar yadda zama ɗan Zamfara ba shaida ba ce ta riƙon amana.

Masu sukar wannan koyarwa suna nuna rauninta biyu. Na farko, tausayinta ya fi ƙarfi a kan na kusa: iyali, dangi, abokan hulɗa. Wanda yake nesa, wanda ba a san fuskarsa ba, yakan faɗo daga lissafi. Na biyu, girmama na gaba yakan rufe bakin na ƙasa, ya ga ɓarna ya yi shiru don kada a ce ba shi da ladabi.

Bahaushe yana da nasa

Wanda ya karanta ginshiƙan nan uku zai ji kamar ya san su. A 1974 masanin nan Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazari kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki, inda ya lissafa halaye irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da mutunci da adalci. Fiƙihun ciniki da ake karantawa a zaurukanmu ya haramta algus da ɓoye aibin kaya da cutar da maƙwabci.

Fataucin Hausawa ma a kan haka ya ginu. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya tara dukiyarsa ta hanyar wakilai da yake ba jari su tafi nesa su sayo goro ko gyaɗa, ba tare da wata doguwar yarjejeniya a rubuce ba. A unguwar Sabo ta Ibadan, kamar yadda Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969, maigida ne ke tsaya wa baƙon da ya kawo shanu daga Arewa. Idan mahaucin da ya karɓi bashi ya ƙi biya, mutuncin maigidan ne a kan layi, sau da yawa shi zai biya.

To me ya sa wannan gado bai kare yaran Tungar Daji ba?

Amsar tana cikin yadda cinikin zinare yake. A cinikin shanu, mai kaya da dillali da mai saye suna ganin juna, kuma za su sake haɗuwa mako mai zuwa. A zinare kuwa sarƙa ce mai tsawo. Akwai lebura a cikin rami, akwai mai rami, akwai mai injin niƙa, akwai mai jarin da ke ba da kuɗin abinci da mai da kayan aiki bisa sharaɗin shi za a sayar wa, akwai dillali, akwai babban mai saye a birni. Kowa yana riƙe amanar wanda ke kusa da shi a sarƙar. Ba a tauye awo, ana biyan bashi a kan lokaci. Amma jaririyar da ke rarrafe kusa da inda aka shanya garin dutse ba ta cikin cinikin kowa, don haka babu wanda ya ɗauki amanarta.

Wannan shi ne raunin da aka gani a Ashio, kuma shi ne na Anka. Gaskiya ne a farkon 2010 yawancin mutane ba su san dutsen na da guba ba. Yau babu mai wannan uzurin. A 2015 irin wannan annoba ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, shekara biyar bayan kowa ya ji labarin Zamfara.

Matsalar tsaro ta ƙara dagula lamarin. Gwamnatin tarayya ta ce alaƙa tsakanin 'yan bindiga da haƙar zinare ce ta sa ta haramta aikin a Afrilun 2019. Haramcin bai hana haƙa ba, sai dai ya tura ta inda jami'in lafiya ko na muhalli ba ya iya zuwa. MSF kuma ta miƙa aikin gubar dalma ga hukumomin jihar a 2022.

Me ɗa'a ke nufi a bakin rami?

Idan za a ɗauki wani abu daga Konfushiyas, to shi ne ƙa'idar nan cewa nauyi yana kan wanda ya fi ƙarfi da riba. A aikace, ga abin da hakan ke nufi.

Na farko, ruwa a kan inji. Wani aiki da ƙungiyar OK International ta yi tare da MSF a wuraren haƙa na arewacin Najeriya ya nuna cewa fesa ruwa yayin niƙa yana rage dalmar da ke tashi a iska da kusan kashi 95 cikin 100. Fasaha ce mai sauƙi. Lebura mai neman na abincin yau ba zai sayi tanki da famfo ba. Mai jarin da ke kwashe zinaren shi ya kamata ya saya, ya sa a cikin kuɗin gudanar da aiki kamar yadda yake lissafa man inji.

Na biyu, wurin niƙa a bayan gari, da wurin wanka da sauya tufafi kafin ma'aikaci ya koma gida. Bayan annobar 2010, umarnin sarakuna da dagatai ne ya fitar da injinan daga cikin gidaje. Wannan iko yana nan, kuma shi ya fi kusa da jama'a.

Na uku, kaso ga ma'aikaci da gari. Tsarin 'yan kasuwar Shanxi na ba ma'aikaci rabo a riba bai yi nisa da abin da muka sani na raba riba tsakanin mai jari da mai juya shi ba. Dokar ma'adinai ta 2007 ma ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da garin da zai yi aiki kafin ya fara. Ya kamata a karanta wa mutanen gari wannan takarda da Hausa a bainar jama'a, kuma gwajin jinin yara a kai a kai ya kasance a cikinta.

Na huɗu, mai saye ya tambayi asalin kaya. A Yulin 2020 Babban Bankin Najeriya ya sayi curin zinare mai nauyin kilo 12.5 a kan naira miliyan 268 ƙarƙashin shirin gwamnati na tsara ƙananan masu haƙa. Idan gwamnati da manyan dillalai suka ƙi sayen zinaren da aka niƙa a cikin gari, ko suka ƙara farashi ga wanda aka sarrafa ta hanya mai tsafta, saƙon zai isa bakin rami da sauri fiye da kowace sanarwar rediyo.

Na biyar, bakin na ƙasa ya buɗe. Uwar da ta ga ana shigo da buhunan dutse unguwarsu tana buƙatar inda za ta kai ƙara ba tare da an ce ta tona asirin miji ko ta raina manya ba. Zamfara ce jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a wannan jamhuriya, tana da hukumar Hisba da majalisar malamai. Hukumar da ke duba mudu da sikeli a kasuwa tana da hujjar duba inda aka kafa injin niƙan dutse.

Ɗa'a da doka

Konfushiyas ya fi yarda da tarbiyya a kan hukunci. Yana ganin tsoron bulala na hana mutum laifi ne kawai idan ana kallonsa, kunya kuwa tana hana shi ko yana shi kaɗai. A dajin da jami'in gwamnati ba ya shiga, wannan magana tana da nauyi, domin sau da yawa babu mai tsaron yaran gari sai imanin mai inji.

Amma Ashio da Sanlu da Bagega sun nuna cewa idan riba ta yi yawa, kunya kaɗai ba ta riƙe kowa. Kowane ɗan kasuwa mai tsoron Allah da ya kashe kuɗi a kan tankin ruwa yana gogayya ne da wani da bai kashe ba. Doka ce ke hana na biyun cin ribar rashin imaninsa. Tun Maris na 2024 ma'aikatar ma'adinai ta kafa dakarun tsaron ma'adinai daga rundunar Sibil Difens. Za a auna amfaninsu a Zamfara da abin da suka hana, har da ƙurar da ke shiga gidaje.

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma a gubar dalma maganin ma ba ya dawo da abin da ya lalace. Yaran Tungar Daji da suka tsira a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, wasunsu sun kai shekarun shiga rami, wasu sun kai na aure. 'Ya'yan da za su haifa za su yi rarrafe a tsakar gidajen da aka kankare shekara goma sha biyar da suka wuce. Ko ƙasar za ta ci gaba da zama mai tsafta, ya danganta ne da shawarar da masu jari da dillalai da sarakuna da hukumomi za su yanke a wannan lokaci da zinare ke tsada.